Ranar da majalisar Amurka ta ture kujerar naƙin Reagan saboda Afirka ta Kudu



Duk mai kunna rediyo da safe ya saba jin an ce wata ƙasa ta hau kujerar naƙi. Galibi maganar Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ce. A can, in ɗaya daga cikin manyan ƙasashen nan biyar ta ce a'a, shi kenan an rufe littafi, ko da sauran 14 duka sun ce e. Babu inda za a kai ƙara. Shi ya sa da yawanmu muke ɗauka kowace kujerar naƙi haka take. To ba haka ba ne. Akwai wata wadda shugaban ƙasa ke hawa a kan dokar da majalisar ƙasarsa ta riga ta amince da ita, ita kuma ana iya ture ta, doka ta wuce ba tare da sa hannunsa ba. Abu ne mai wuya ƙwarai, amma ana yi. An yi wa Ronald Reagan haka a 1986, lokacin da yake kan ganiyar farin jininsa, kuma a kan maganar da ta shafi nahiyarmu: takunkumi a kan gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu.

Kafin mu shiga labarin sai mun san hanyar da takarda ke bi har ta zama doka a Amurka, don in ba a san hanyar ba, ba za a gane inda aka yi kokawar ba.

Majalisar dokokin Amurka ɗaki biyu ce. Akwai majalisar wakilai mai mutum 435, ana zaɓensu duk shekara biyu, kowace jiha da wakilanta gwargwadon yawan jama'arta. Akwai kuma majalisar dattawa mai sanata 100, bibbiyu daga kowace jiha komai ƙanƙantarta, wa'adinsu shekara shida. Ɗan majalisa ne kaɗai ke iya shigar da ƙudirin doka. Shi kansa shugaban ƙasa in yana son wata doka, sai ya nemi ɗan majalisa ya shigar masa da ita. Wannan ya bambanta da abin da muka saba gani nan Nijar kafin Yuli 2023, lokacin da mafi yawan dokoki daga taron majalisar ministoci suke fitowa sannan a kai wa depite-depite.

A zauren wakilai akwai wani akwatin katako kusa da teburin magatakarda, nan ake jefa ƙudiri. Sai a ba shi lamba, a tura shi kwamitin da abin ya shafa. To a nan ne fa yawancinsu ke kwanta dama. Shugaban kwamiti in bai so abu ba, ba sai ya yi faɗa da kowa ba, ƙin sa shi cikin jerin ayyuka kawai zai yi. A kowane zango na shekara biyu ana shigar da dubban ƙudirori, sau da yawa fiye da dubu goma, amma waɗanda ke zama doka ƴan ɗaruruwa ne. Kuma da zangon ya ƙare, duk abin da bai wuce ba ya mutu, sai dai a sake lale.

Wanda ya tsira daga kwamiti sai ya shiga zaure, a yi muhawara, a yi gyare-gyare, a kaɗa ƙuri'a. A majalisar dattawa akwai wani tarko na daban: sanata na da damar jan magana ya hana a kai ga ƙuri'a, kuma ba a iya rufe masa baki sai an samu sanata 60. Bayan haka dole ɗakunan biyu su amince da rubutu iri ɗaya, harafi da harafi. In sun bambanta, ko dai ɗaya ya karɓi na ɗayan yadda yake, ko a kafa kwamitin daidaitawa ya haɗa su, sannan kowane ɗaki ya sake ƙuri'a. Ku riƙe wannan maganar ta daidaitawa, za mu dawo kanta.

Sai takarda ta isa teburin shugaban ƙasa. Kundin tsarin mulkinsu ya ba shi kwana 10, ban da Lahadi. In ya sa hannu, ta zama doka. In ya yi shiru har kwanakin suka cika alhali majalisa na zama, nan ma ta zama doka ba da hannunsa ba. In ya maida ita ga ɗakin da ta fara fitowa, tare da dalilansa a rubuce, wannan shi ne hawa kujerar naƙi. Akwai kuma ta huɗu, wadda ta fi duka sharri: in majalisa ta rufe zamanta kafin kwana goman su cika, shi kuma bai sa hannu ba, ƙudirin ya mutu murus, babu damar sake ƙuri'a. Su kansu suna kiranta naƙin aljihu, kamar mutum ya tura takarda aljihu ya yi tafiyarsa.

Wadda aka maido kuwa, majalisa na iya sake kaɗa mata ƙuri'a. In kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a suka ce e a ɗaki na farko, aka kuma samu haka a ɗaki na biyu, ta zama doka ko shugaba ya so ko bai so ba. Kuma ba a ɓoye ake wannan ƙuri'ar ba, sai an rubuta sunan kowa da abin da ya zaɓa.

Yanzu mu yi lissafi, don duk labarin cikin lissafin nan yake. In kowa ya halarta, ana buƙatar wakilai 290 da sanata 67. Shi kuwa shugaban ƙasa ba ya buƙatar rinjaye ko a ɗaki ɗaya. Sanata 34 kacal sun ishe shi. Kuma da wuya ka samu jam'iyyar da ta ci zaɓen shugaban ƙasa ta kasa mallakar kashi ɗaya cikin uku na kujeru. Ma'ana kenan ƴan adawa su kaɗai ba sa iya ture kujerar naƙi, komai yawan hayaniyarsu. Sai mutanen shugaban da kansu sun juya masa baya, kuma a bainar jama'a.

Shi ya sa abin ya yi ƙaranci. George Washington ne ya fara hawa wannan kujera a 1792, amma sai a watan Maris 1845, a ƙarshen mulkin John Tyler, majalisa ta fara ture ta, a kan wata ƴar doka ta gina jiragen ruwan kwastan. Franklin Roosevelt ya hau ta sau 635, sau 9 kaɗai aka fi ƙarfinsa. In aka haɗa duka shugabanni daga farko zuwa 2021, an hau ta fiye da sau 2500, an ture 112. Wanda ya fi shan kaye shi ne Andrew Johnson, da ya gaji Lincoln bayan yaƙin basasa: sau 15. Ɗaya daga ciki ita ce dokar 1866 da ta ba bayin da aka ƴanta haƙƙin zama ƴan ƙasa. Tun a wancan zamani ma, maganar baƙar fata ce ta haɗa shugaba da majalisa faɗa.

Maƙwabtanmu Najeriya wannan tsarin suka ɗauko. Sashe na 58 na kundinsu na 1999 ya ba shugaba kwana 30, in ya ƙi sa hannu kowane ɗaki na iya sake zartarwa da kashi biyu cikin uku. Sun taɓa yi a watan Yuni 2000, lokacin da suka tsallake Obasanjo suka kafa hukumar raya yankin Neja Delta. A ƙarshen 2021 da Buhari ya ƙi dokar zaɓe an yi ta kurarin tsallake shi, amma daga baya majalisa ce ta gyara rubutun, ya sa hannu a Fabrairu 2022. Namu kuwa gadon Faransa ne. Kundin 2010, wanda aka jingine bayan 26 ga Yuli 2023, ya ba shugaba kwana 15 ya ƙaddamar da doka, ko kwana 5 in ta gaggawa ce. Abin da zai iya kawai shi ne ya nemi majalisa ta sake dubawa, in kuma fiye da rabin dukan depite-depite suka sake amincewa, doka ta hau. A majalisa mai kujeru 171, mutum 86 kenan. A takarda dai, kujerar naƙin shugaban Nijar ba ta kai ta Amurka nauyi ba.

Mu koma Washinton. Mutumin da ya fara jefa ƙudirin takunkumi a kan Afirka ta Kudu cikin akwatin katakon nan shi ne Ron Dellums, baƙar fata, wakili daga jihar Kalifoniya. A 1972 ne. Ƙudirin bai je ko'ina ba. Zango ya ƙare ya mutu, ya sake shigarwa, ya sake mutuwa. Haka ya yi ta fama shekara 14.

Dalilin a fili yake. Zamanin yaƙin cacar baka ne, kuma manyan Washinton na kallon gwamnatin turawan Pretoriya a matsayin katanga a gaban kwaminisanci, ga sojojin Kuba a Angola, ga ƙungiyar ANC ta su Mandela na samun taimako daga Tarayyar Sobiyet. Ga kuma ma'adinai irin su kurom da filatinam da masana'antun Amurka ke buƙata, ga ɗaruruwan kamfanoninsu na cin kasuwa a can. Da Reagan ya hau a 1981, shi da mai kula masa da harkokin Afirka, Chester Crocker, sai suka zo da manufar lallashi: a ci gaba da hulɗa da turawan, a riƙa ba su baki cikin ruwan sanyi har su gyara da kansu. A waɗannan shekarun Amurka da Birtaniya sun sha hawa kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu don hana takunkumin dole. Waccan kujerar ba ta turuwa, don haka masu fafutuka suka juya ga wadda ke turuwa.

A 1984 abubuwa suka canza. Gwamnatin P. W. Botha ta kawo sabon tsarin mulki da ya ba Indiyawa da barbarar yanyawa ɗakunan majalisa nasu, ya bar baƙaƙe, waɗanda su ne mafi rinjaye, a waje. A watan Satumba unguwannin baƙaƙe suka kama da wuta. A shekarar ce kuma Desmond Tutu ya samu kyautar Nobel ta zaman lafiya. Ran 21 ga Nuwamba, mako biyu bayan Reagan ya lashe jihohi 49 cikin 50 a zaɓe, Randall Robinson na ƙungiyar TransAfrica da Mary Frances Berry da Walter Fauntroy suka shiga ofishin jakadancin Afirka ta Kudu a Washinton, suka ce ba za su fita ba. Aka kama su. Washegari da kwanakin da suka biyo baya wasu suka zo, su ma aka kama su. Haka aka yi ta yi kusan kullum har shekara guda, aka kama dubban mutane, ciki har da ƴan majalisa, limaman coci, mawaƙi Stevie Wonder, da sanata Lowell Weicker, wanda ɗan jam'iyyar Reagan ne. Ƴan dakon tashar jirgin ruwa ta San Faransisko suka ƙi sauke kayan Afirka ta Kudu fiye da mako guda. Ɗalibai suka tsaya wa jami'o'insu a wuya sai sun janye hannun jarinsu daga kamfanonin da ke hulɗa da can.

Ni a ganina nan ne aka fara tara sanata 67 ɗin, tun kafin wani ya yi tunanin ƙirga su. Ɗan majalisa a Amurka ya fi tsoron mazaɓarsa a kan shugaban jam'iyyarsa, kuma maganar ta riga ta shiga coci-coci da makarantu da talabijin ɗin kowane gida.

A 1985 aka yi karon farko. Ran 21 ga Maris ƴan sanda suka buɗe wuta a kan masu tafiya jana'iza a Langa, suka kashe kimanin mutum 20, daidai ranar da kisan Sharpeville na 1960 ya cika shekara 25. A watan Yuli aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu yankuna. Ɗakunan majalisar Amurka biyu kowanne ya zartar da nasa ƙudirin takunkumi, kwamitin daidaitawa ya haɗa su, wakilai suka amince, ya rage ƙuri'ar ƙarshe ta dattawa. Reagan ya ga in ya bari takardar ta iso teburinsa zai sha kunya. Sai ya riga su: ran 9 ga Satumba ya fitar da umarnin shugaban ƙasa mai ɗauke da ƴan takunkumi marasa nauyi, kamar hana ba gwamnatin rance da sayar mata da kwamfuta. Shugabannin jam'iyyarsa a dattawa, Bob Dole da Richard Lugar, suka ce ai shugaba ya yi abin da ake so, a bar maganar. Da ƴan Demokarat suka matsa, sai aka ɗauke ainihin takardun ƙudirin daga zauren gaba ɗaya, don ba a kaɗa ƙuri'a a kan takardar da ba ta nan. Haka na 1985 ya mutu ba tare da an ma kai ga kujerar naƙi ba. Ku lura da sunan Lugar, shi ne shugaban kwamitin harkokin waje na dattawa, kuma a wannan shekarar yana gefen Reagan.

Lallashin bai haifar da komai ba. A watan Mayu 1986 wata tawagar dattawan ƙungiyar Commonwealth na cikin ƙasar tana neman sulhu, ƙarƙashin Malcolm Fraser na Ostareliya da Olusegun Obasanjo, shi dai wanda muka ambata ɗazu, a lokacin yana tsohon shugaban mulkin soja. Suna nan, ran 19 ga wata, sojojin Afirka ta Kudu suka kai hari Botsuwana da Zambiya da Zimbabuwe a rana ɗaya. Tawagar ta tattara ta tafi, ta rubuta rahoton da ya nuna sai an matsa da matakan tattalin arziki. Ran 12 ga Yuni Botha ya kafa dokar ta-ɓaci a ƙasar baki ɗaya, aka kwashe dubban mutane.

Kwana shida bayan haka wani abin mamaki ya faru a zauren wakilai. Ƙudirin da ke gabansu na William Gray ne, mai matsakaicin zafi. Dellums ya miƙe ya ce a maye gurbinsa da nasa: a yanke cinikayya kusan gaba ɗaya, kamfanonin Amurka su tattara su fito. Ƴan Rifablikan masu adawa da takunkumi sai suka yi wayo, suka ƙyale shi ya wuce da ƙuri'ar murya, a tunaninsu ya yi tsananin da dattawa ba za su ko kalle shi ba. Wayon ya ci su. Da na Dellums ya tsaya a gefe guda, duk abin da dattawa za su rubuta sai ya koma kamar sassauci, har mai jin nauyin Reagan ya samu inda zai fake.

Lugar ya so ya ceci shugabansa. Shi da wasu sanatocin jam'iyyar sun so Reagan ya fito da sabuwar manufa mai haƙori, don kada a kai ga fito-na-fito. Ran 22 ga Yuli Reagan ya yi jawabi. Ya la'anci wariyar launin fata, amma ya ce takunkumi baƙaƙen ma'aikata zai fara cutarwa, ya kuma zargi ɓangarorin ANC da ta'addanci. Tutu ya fusata, ya ce jawabin abin ƙyama ne. Su kansu ƴan Rifablikan suka ga babu abin da za su koma gida da shi. Maganar cewa talaka zai fi shan wuya ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, mu nan mun san wanda takunkumi ke fara taɓawa. Amma jagororin baƙaƙen da ake cewa ana tausayi, irin su Tutu da ƙungiyoyin ƙwadago, su ne ke roƙon a sa shi, duk da akwai irin su Buthelezi da ba su yarda ba.

Lugar ya zauna ya rubuta nasa. Ran 15 ga Agusta dattawa suka zartar da shi da ƙuri'a 84 da 14. Bai kai na Dellums zafi ba, amma ba wasa ba ne: an hana sabon jari da sabon rance, an hana shigo da kwal da ƙarfe da uraniyum da tufafi da amfanin gona daga can, an hana sayen kuɗin zinarensu, an hana jiragen samansu sauka a Amurka. Ma'adinan da masana'antun Amurka ba sa iya rabuwa da su kuwa, an tsallake su shiru. Aka kuma rubuta sharuɗɗan ɗagewa: sakin Mandela da sauran fursunonin siyasa, janye dokar ta-ɓaci, halatta jam'iyyun da aka haramta, soke dokar raba unguwanni da ta rajistar mutane bisa launi, da zama teburin shawara da wakilan baƙaƙe.

To ga maganar daidaitawa da na ce ku riƙe. Rubutu biyu ne yanzu, na wakilai mai zafi da na dattawa. Bisa al'ada sai kwamitin daidaitawa. Amma lokaci ya ƙure, zaɓe na tafe a Nuwamba, majalisa na shirin rufewa a Oktoba. In aka ɓata makonni ana ciniki, takarda za ta isa hannun Reagan a makare, ya tura ta aljihu. Kuma in aka ƙara mata zafi, wasu daga cikin 84 ɗin nan za su zame, a rasa 67. Lugar ya gaya wa wakilai ƙarara cewa su karɓi nasa yadda yake, shi kuma zai tsaya a kansa ko da shugaba ya ƙi. Ga Dellums da ƙungiyar baƙaƙen ƴan majalisa abin da ɗaci, shekara 14 kana neman abu, ranar da ya samu a ce ka ajiye. Suka haɗiye. Ran 12 ga Satumba wakilai suka amince da rubutun dattawa da ƙuri'a 308 da 77.

Reagan ya riƙe takardar har ranar ƙarshe ta kwana goman. Ran 26 ga Satumba ya hau kujerar naƙi. Kwana uku bayan haka wakilai, inda ƴan Demokarat ke da rinjaye, suka sake ƙuri'a: 313 da 83. Wannan ba a yi mamaki ba. Idon kowa na kan dattawa, inda jam'iyyar shugaban ke da kujeru 53. A ƙuri'ar Agusta mutum 14 kaɗai suka ce a'a, kenan sai fadar shugaban ƙasa ta sauya ra'ayin mutum 20 a cikin kwanaki ƙalilan.

An yi duk abin da ake yi. Reagan ya yi ta kiran sanatoci ɗaya bayan ɗaya. Ya yi alkawarin sabon umarni mai ƙarin takunkumi, wato dabarar bara. Ya naɗa Edward Perkins, baƙar fata, jakada a Afirka ta Kudu. Aka ce wa sanatoci kada su kunyata shugaba alhali yana shirin ganawa da Gorbachev a Aisilan nan da ƴan kwanaki. Sai kuma Pretoriya ta yi katoɓara. Ana jajibirin ƙuri'a, ministan harkokin wajenta Pik Botha ya bugo waya ga sanatocin jihohin noma, da taimakon sanata Jesse Helms, ya ce in doka ta wuce ƙasarsa za ta daina sayen hatsin Amurka. Lugar ya fito ya kira abin cin hanci da barazana. Wanda ma yake tunanin komawa gefen shugaba sai ya ga yanzu za a ce ministan wata ƙasa ne ya tsorata shi.

Ran 2 ga Oktoba 1986 aka kira sunaye. E 78, a'a 21. Duka ƴan Demokarat 47 sun ce e, sai ƴan Rifablikan 31, fiye da rabin jam'iyyar shugaban kenan. Cikinsu akwai Lugar, akwai Nancy Kassebaum mai kula da ƙaramin kwamitin Afirka, akwai wani sabon sanata daga Kentaki mai suna Mitch McConnell, wanda daga baya ya zama jagoran jam'iyyar a dattawa shekara da shekaru. Dole ya tsaya tare da Reagan. Rabon da a yi wa shugaban Amurka haka a kan babbar maganar ƙetare tun 1973, lokacin da aka tsallake Nixon a kan dokar taƙaita ikon yaƙi.

Me ya sa suka juya? Wasu za su ce imani, wasu su ce zaɓe. Ni dai ina ganin duka biyun ne, kuma ba laifi ba ne. Saura wata ɗaya a kaɗa ƙuri'a, jihohin kudu cike da baƙaƙen masu zaɓe, kuma sunan kowa zai fito a jarida. Reagan ba zai sake tsayawa takara ba, su kuwa za su sake. Duk da haka jam'iyyar ta rasa rinjayen dattawa a zaɓen na Nuwamba.

Doka ta hau, amma wanda ya ƙi ta shi ne kuma zai aiwatar da ita, wannan ma wani gurbi ne a tsarin. Reagan ya ce zai bi doka, sai dai masu fafutuka sun yi ta kukan cewa ana jan ƙafa. Manyan kamfanoni irin su General Motors da IBM sun sanar da ficewa a cikin watan na Oktoba, ko da yake da yawa sayar wa manajojinsu na can suka yi, kayansu suka ci gaba da shiga. Jami'ar Kalifoniya ita kaɗai ta yanke shawarar janye jarin kimanin dala miliyar 3 a shekarar. Har yau masana na gardama a kan nauyin da dokar ta yi. Akwai masu cewa abin da ya fi girgiza Pretoriya shi ne ƙin sabunta rancen da bankuna suka yi tun 1985, Chase Manhattan a gaba, wanda ya karya darajar kuɗin ƙasar. Kuma babu mai hankalin da zai ce majalisar Amurka ce ta kayar da wariya, alhali mutanen Soweto da sauran unguwanni ne suka biya da jininsu. Amma turawan can sun daɗe suna dogaro da cewa muddin Reagan na kan mulki bayansu a rufe yake, ranar 2 ga Oktoba suka ga ba haka ba ne.

Dellums bai haƙura ba. A 1988 wakilai suka sake zartar da ƙudirinsa mai zafi, ya je dattawa ya mutu. An saki Mandela ran 11 ga Fabrairu 1990, a watan Yuni ya tsaya a gaban ɗakunan biyu a haɗe ya nemi kada a yi gaggawar ɗage takunkumin. George Bush babba ya ɗage shi ran 10 ga Yuli 1991, ya ce an cika sharuɗɗan, ANC kuma ta ce ya yi sauri. Sunan Mandela da na ƴan ANC kuwa ya ci gaba da zama cikin jerin waɗanda sai da izini na musamman suke shiga Amurka, saboda tambarin ta'addancin da aka liƙa musu tun wancan zamani. Sai da aka sake jefa wani ƙudiri cikin akwatin katakon, ya bi kwamiti, ya bi ɗakunan biyu, George Bush ƙarami ya sa masa hannu a watan Yuli 2008, ana saura kwanaki Mandela ya cika shekara 90.